Inda Bango Ya Tsage

Da safe, kafin 'yan wasa su fara zuwa, Koci ya rufe kansa a ɗan ɗakin da suke kallon bidiyo, ya sake kunna wasan da aka ci su shekaranjiya. Karo na biyu ke nan da suka sha kashi a zagayen fitar da zakaran ƙwallon kwando. Ƙa'idar zagayen ita ce duk ƙungiyar da ta fara cin wasa uku ta wuce, ɗayar kuwa ta tattara kayanta sai baɗi. Saura ƙiris a sallame su.

Ba yawan makin da aka zura musu ne ya dame shi ba. Mutum ɗaya yake kallo, kyaftin ɗinsa, wanda duk gari ke kira Bango.

Sunan ba a banza ya same shi ba. Shekara da shekaru, duk wanda ya kutso da ƙwallo ƙarƙashin kwandonsu sai ya ci karo da ƙirjin Bango ko dogon hannunsa. Yanzu ya doshi arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, gwiwoyinsa sai an naɗe su da ƙanƙara bayan kowane wasa. Koci ya san yadda shekaru ke kama ɗan wasa, don shi ma ta kansa suka bi: ido ya gani, zuciya ta ce tafi, ƙafa ta makara. Amma abin da yake gani a allon nan daban ne.

Akwai wani matashi da ɗaya ƙungiyar ke ji da shi, ana kiransa Walƙiya saboda saurinsa. A bidiyon, Walƙiya ya miƙa wa abokinsa ƙwallo, ya sulale ta hagun Bango, ya karɓa, ya zura. Bango ko waiwaye bai yi ba. Sai da 'yan kallo suka ɓarke da ihu sannan ya juya, kamar wanda aka tasa daga barci. Koci ya tura hoton gaba, ya sake cin karo da irinta. Ya ƙara turawa, ga wata. Kullum ta hagu, kullum Walƙiya. In wani ne ya tunkaro shi gaba da gaba, Bango yana nan a Bangonsa.

Walƙiya kuwa ƙanin matar Bango ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidan Bango yake hutun makaranta yana ƙarami, Bango ne ya fara saya masa takalmin wasa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, kafin Koci ya amsa mai ƙungiya ya turo ya shigo. Ɗan kasuwa ne mai kamfanin fenti, bai taɓa riƙe ƙwallo ba, amma kunnensa ya kai ko'ina. Ya dubi allon, ya dubi Koci.

"Ashe kai ma ka gani."

"Shekaru ne, ranka ya daɗe. Ƙafa ta yi nauyi."

"Wane irin tsufa ne da ba ya tashi sai ya ga ƙanin matarsa?" Mai ƙungiya ya ja kujera ya zauna. "An ce min sun yi masa alkawarin mataimakin koci in ya ajiye wasa. An kuma ce an sha ganin motarsa a titin otal ɗin da suke sauka in sun zo garin nan. Ruwa ba ya tsami banza, Koci."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutane sun ce ni ma na mutu bara, da na kwanta zazzaɓi."

Mai ƙungiya bai yi dariya ba. Ya ce shi dai ba ya son ganin Bango a fili a wasa na uku, sannan ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Koci da Bango sun daɗe tare. Lokacin da Bango ya zo ƙungiyar, dogon yaro mai jin kunya, Koci ne kyaftin, ɗaki ɗaya ake ba su in an yi tafiya. Shi ya koya masa yadda ake karanta ƙugun mutum maimakon bin ƙwallo da ido. Da wani ne ya kawo masa wannan magana a bara, da ya kore shi. Amma bara bai ga wannan bidiyon ba.

A wurin atisaye ya zuba ido, sai ya fara ganin abubuwan da a da bai kula da su ba. Bango ya daina tuƙa kansa, matarsa ce ke kawo shi ta dawo ta ɗauke shi. Madubin motar na gefe ɗaya a fashe, an ɗaure shi da salatif. Wayarsa in ta yi ƙara ba ya ɗauka a gaban mutane, sai ya fita bayan ɗakin wanka. A ɗakin canja kaya ya bar wurin zamansa na tsakiya, inda ya saba zama yana tsokanar kowa, ya koma can lungu jikin garu. 'Yan wasan ma sun canja masa. In ya shigo hira ta mutu, kowa ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ya riga ya ɗaure.

Bayan an tashi, Bango ya tare shi a bakin ƙofa, tawul a wuya, murya ƙasa ƙasa.

"Koci, in tambaye ka. Cikin yaran nan wa ke da aboki a wancan ɓangaren?"

Koci ya dube shi sosai. "Me ya sa kake tambaya?"

"Ina ganin akwai mai kai musu labarinmu."

"Wane labari?"

Bango ya gyara tawul ɗin da ke wuyansa. "Labari dai," in ji shi, ya wuce.

Koci ya bi shi da kallo, ransa ya yi baƙi. Ya sha ganin ɓarawo ya riga kowa ihun ɓarawo.

Washegari da hantsi ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi wa Bango ba. Da matar ta zo ta ɗauke shi, Koci ya shiga tasa motar ya bi su daga nesa. Suka wuce kwanar da ke kaiwa gidansu ba su shiga ba. Suka ratsa kasuwa, suka haye gada, suka shiga titin da otal ɗin yake. Ɗaya ƙungiyar ta riga ta iso gari, ga doguwar motarsu nan a harabar otal. Matar ta tsaya a gaban wani bene mai shaguna a ƙasa, daura da otal ɗin. Bango ya fita, ya jawo hularsa ta rufe goshi, ya shige wani lungu da ke gefen benen.

Ba a jima ba sai ga Walƙiya ya fito daga otal, ya tsallako titi, ya jingina da tagar motar. Koci ba ya jin abin da suke faɗa, amma ya ga yayar tana nuna shi da yatsa, shi kuma yana buɗe hannuwa yana girgiza kai. Can ya juya ya koma, ita kuma ta kifa kanta a kan sitiyari.

Koci ya juya motarsa. A hanya har ya wuce danja bai sani ba, sai da wani mai babur ya zage shi.

A wasa na uku ya bar Bango a benci, sai ɗan lokaci kaɗan da ya saka shi kafin hutun rabin lokaci. Ko a wannan ɗan lokacin ma Walƙiya ya bi ta hagunsa ya zura. Wani daga cikin magoya bayansu ya ɗaga murya ya ce, "'Yan gida ɗaya!" sai ɓangaren ya ɗauka gaba ɗaya, suna tafi suna maimaitawa. Mutanen da suka yi shekaru suna rera sunansa ne. Koci ya cire shi, Bango ya zauna ya lulluɓe kansa da tawul. Da ƙyar da jiɓin goshi suka ci wasan, kuma cin da suka yi ba tare da shi ba ya ƙara wa maganar gishiri. Mai ƙungiya ya rungume Koci a fili, ya raɗa masa a kunne, "Ka ga abin da nake faɗa maka?"

Koci ya kasa yin murna. Kashegari da la'asar ya tafi gidan Bango ba tare da ya yi waya ba.

Matar ce ta buɗe ƙofa. Malamar makaranta ce, mace mai fara'a a da, amma ranar fuskarta a kumbure. Ta gaishe shi, ta kai shi falo, ta kora yara ɗaki. Bango yana zaune a doguwar kujera, ƙafa ɗaya a kan tebur da ƙanƙara a gwiwa. Bai tashi ba.

"Koci da kansa. Ko an aiko ka ka karɓi rigar ne?"

"Ba wanda ya aiko ni."

Matar ta kawo shayi, ta ajiye wa Koci nasa. Ta nufi mijinta ta hagunsa, har ta miƙa kofin, sai ta tsaya, ta zagaya ta bayan kujera ta miƙa masa ta dama. Koci ya gani, amma hankalinsa yana kan maganar da ya zo da ita.

"Na bi ka shekaranjiya," in ji shi. "Na ga inda kuka je. Na ga wanda ya fito ya same ta. Tsakaninka da Allah, Bango, ka sayar da mu?"

Bango ya ajiye kofin a hankali. "Kai ma?"

"Amsa nake so."

"Kai da muka kwana ɗaki ɗaya, ka bi ni a mota kamar ɗan sanda? Tashi ka fita min daga gida."

"Ba inda zai je," in ji matar daga bakin ƙofar kicin. "Baban yara, ka faɗa masa, ko ni in faɗa."

"Ke dai kin saba faɗa ai."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta zo ta tsaya a gefen kujerar, ta hagunsa, ta ɗaga hannu kusa da kunnensa ta buɗe yatsu.

"Koci, tambaye shi yatsu nawa na ɗaga."

Bango yana kallon Koci, idanunsa biyu a buɗe, garau, ba abin da ya nuna. Can ya juya kansa gaba ɗaya, har wuya, sannan ya ga hannun. Ya ture shi.

Labarin ya fito a guntu a guntu, rabi daga bakinta rabi daga nasa. Tsakiyar kakar wasa wani ya sa masa gwiwar hannu a ido. Ya yi ja, ya washe, kowa ya manta. Daga baya sai ya fara ganin kamar ana jawo labule daga gefen hagu, kaɗan kaɗan. Abin da ke gabansa yana gani sarai, na gefe kuwa babu. Ya goga motarsa a jikin ginshiƙi, shi ya sa ya bar tuƙi. A saman benen nan akwai likitan ido, can yake zuwa a ɓoye, ta ƙofar baya. Likitan ya ce a yi wa idon aiki da wuri, kuma ya daina wasa, don wani bugun zai iya tafiya da idon gaba ɗaya.

Koci ya ajiye kofinsa. "Me ya hana ka faɗa min? Me ya hana ka faɗa wa likitanmu?"

"In faɗa masa da safe, mai ƙungiya ya ji da rana, da yamma a ba ni kyautar agogo a yi min tafi? Na ce bari in kai ƙarshen kakar nan, in ɗaga kofi ɗaya da hannuna, sannan in kwanta su yanka. Kuma da na kai. Duk kakar nan ba wanda ya gane. Ina juya kai, ina jin takun mutum. Kai kanka ba ka gane ba." Ya nuna matarsa da haɓa, bai dube ta ba. "Sai da muka haɗu da ƙaninta. Tun ƙwallon farko ya nufi hagu. Bai gwada dama ba, bai lalube ni ba. Kai tsaye. Ka faɗa min, Koci, wa ya san maganar nan a duniya ban da ni da likita da ita?"

"Na rantse maka ban faɗa masa ba," in ji ta. "Abin da na je tambayarsa ke nan. Ya ce shi ya gani da idonsa, ran da ya zo gaishe mu, da ƙaramar ta tsaya a gefenka tana miƙo maka littafinta har ta gaji ba ka karɓa ba. Ya ce ko kocinsu bai gaya wa ba."

"Ya yi min kara ke nan. Na gode masa."

"Na ce masa bai kyauta ba. Ya ce wai kai ka koya masa, in ka ga inda mutum ke ɗingishi, nan za ka bi."

Daga ɗaki ana jin yaran suna musu a kan rimot. Matar ta zauna a hannun kujera, tana murza bakin mayafinta.

"Mama kaɗai na faɗa wa," in ji ta a hankali. "Ina zan kai kukana? Kai ba ka magana. Amma ta yi min alkawari."

Bango ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya mayar da kansa jikin kujera ya rufe ido. Koci ya dubi kofin shayinsa. Mama ita ce ta haifi Walƙiya, kuma shi ne autanta. Ba wanda ya faɗi haka, ba kuma wanda bai tuna ba.

"Ka yafe min bin ka da na yi," in ji Koci daga baya.

"Ka rufa min asiri, shi ke nan mun yi biyan juna."

"Kana jin abin da suke kiranka a fili? Ka gwammace a ce ka ci amana?"

"Wanda aka ce ya ci amana, wata ƙungiyar za ta iya ɗaukarsa. Mai ido ɗaya fa?"

"Wata ƙungiyar? Bango, likita ya ce ka bari." Koci ya matso bakin kujerarsa. "Ga abin da zan iya. Ba zan je wurin mai ƙungiya ba sai an gama. Amma yaran nan da ke tsayawa a bayanka dole su sani, kuma daga bakinka. In ka faɗa musu, ka sa gilashin kare ido, zan saka ka. In ba ka faɗa ba, benci. Ko mun ci ko an ci mu, kana gamawa sai asibiti."

Koci ya tafi ba tare da ya samu alkawari ba. Amma ranar wasa na huɗu, ana saura kaɗan a fita fili, ya tashi daga lungunsa ya tsaya a tsakiyar ɗakin canja kaya, ya faɗa musu a taƙaice, kansa a ƙasa. Wasu suka sunkuyar da kai don kunya. Wani dogo da ke wasa kusa da shi ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kyaftin, ni ne hagunka yau." Amma Koci ya lura da mutum biyu a bayan ɗakin da suka haɗa ido, ɗayan ya taɓe baki.

Koci ya canja tsarin tsaron. Maimakon kowa ya bi mutuminsa, ya ba kowa yankinsa, ya ajiye Bango inda layin gefe zai kare masa hagu, dogon kuma yana bayansa yana yi masa ihu duk lokacin da wani ya sulalo. Da Bango ya shigo da gilashi a fuska, magoya baya suka yi masa ihun tsiya. Bai ɗaga kai ba.

Dabarar ta yi aiki. Walƙiya ya zo ta inda ya saba, dogon ya yi ihu, "Hagu!" Bango ya juya da dukkan jikinsa ya make ƙwallon har cikin 'yan kallo. Walƙiya ya faɗi zaune. Bango ya tsaya a kansa na ɗan lokaci, bai miƙa masa hannu ba, ya koma wurinsa. Filin ya rikice, waɗanda suka zage shi ɗazu suka rasa abin da za su yi da bakinsu, wasu suka fara kiran sunansa.

Har aka dawo daga hutu suna gaba. Sai dai kocin ɗaya ƙungiyar ba yaro ba ne. Ya ga yadda ake yi wa Bango ihu, ya sa 'yan wasansa su ma su riƙa ihun "Hagu!" ba gaira ba dalili. Bango ya juya sau ɗaya babu kowa, aka bi ta damansa aka zura. Ya sake juyawa, aka sake. Ga gajiya, ga gwiwa. A zangon ƙarshe da kansa ya ɗaga wa Koci hannu a cire shi. Yana zaune a benci aka busa tashi, an ci su da ɗan bambanci kaɗan.

A hanyar da ke kaiwa ɗakunan canja kaya Koci ya ci karo da Walƙiya shi kaɗai, yana shan ruwa. Matashin ya rusuna ya gaishe shi.

"Wa ya faɗa maka?" in ji Koci.

"Faɗa min me, Koci?"

"Kada ka raina min hankali."

Walƙiya ya rufe robar ruwan. "Ba wanda ya faɗa min. Yaya Bango ne ya rene ni a wasan nan, na san yadda yake tsayawa tun ina ƙarami. Na ga ya canja." Ya dubi ƙofar ɗakin su Bango. "Yana ciki? Zan iya ganinsa?"

"Ba yau ba."

Koci ya dube shi cikin ido, yana neman abin da zai kama. Yaron bai kawar da kai ba, amma kuma ya amsa da sauri, kamar amsar da aka riga aka tanada. Koci ya wuce bai san wanne zai ɗauka ba, kuma har yau bai sani ba.

Da aka kai wa mai ƙungiya labarin idon, cewa ya yi an dai samo abin rufe bakin mutane, shi ma ya san likitocin da za su rubuta maka duk abin da kake so. Bai sabunta wa Bango kwantiragi ba, bai kuma shirya masa bikin ban kwana ba. Gari ya rabu biyu. A shagon aski da tashar mota, wasu na cewa an zalunci bawan Allah, wasu na cewa ai biri ya yi kama da mutum.

An yi aikin a satin da ya biyo baya. Likita ya ce sun tsayar da abin, amma ganin da ya riga ya tafi ba zai dawo ba, da an zo da wuri da an ceci fiye da haka. Koci ya je duba shi da rana, ya tarar da shi a kwance, an rufe idon da auduga, matarsa na gefe tana ɓare masa lemo. Mama ta zo da safe ta tafi, in ji matar, sun gaisa lafiya lau, ba wanda ya tayar da maganar. Walƙiya ya yi waya, Bango ya ce a ce yana barci.

Koci ya ce masa akwai wata makaranta da ke neman mai koya wa ɗalibai wasa, in ya warke.

"Ɗalibai?" in ji Bango. "Su da ba su san tsaro ba, kowa so yake ya jefa daga tsakiyar fili."

"Shi ya sa suke nemanka."

Bango ya karɓi lemon ya ci, ya ce zai yi tunani. Sannan ya tambayi ko gaskiya ne mai ƙungiya na neman sabon koci. Koci ya ce shi ma haka ya ji, a wurin mutane. Nas ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya ƙare, Koci ya tashi ya ɗauki makullin motarsa, matar ta raka shi har bakin matakala.